Cinikin Intanet: Yadda Mai Sayarwa Zai Tunkari Ƙorafin Da Ke Da Alamar Zamba

A ɗauki misalin wani ma'aikaci a Abuja wanda ya yanke shawarar sayar da wayarsa ta salula domin ya cika kuɗin makarantar 'ya'yansa. Ya ɗauki hotonta ya sanya a wani dandalin talla na intanet. Kafin la'asar wani mutum daga Anaca ya taya, aka yi ciniki, kuɗi suka shiga asusu, shi kuwa ya kai wayar tasha ya danƙa wa direba. Bayan kwana uku sai ga saƙo ya shigo: wai wayar ba ta kunnuwa, an cuci mai saye, kuma muddin ba a mayar masa da kuɗinsa kafin faɗuwar rana ba, to zai kai ƙara wurin 'yan sanda, ya kuma baza hoton mai wayar a shafukan sada zumunta da sunan ɗan damfara. A ƙarshen saƙon an rubuta lambar wani asusun banki, amma sunan da ke kan asusun ya sha bamban da na wanda ya biya kuɗin tun farko.

Irin wannan al'amari sananne ne ga duk wanda ya ɗan jima yana saye da sayarwa ta waya a ƙasar nan. Abin da ke sa shi wuyar sha'ani kuwa shi ne, daga inda mai sayarwa yake zaune ba shi da hanyar sanin gaskiya nan take. Mai yiwuwa ne wayar ta faɗi a hanya ta lalace, zafin asara kuma ya sa mutumin kakkausan lafazi. Mai yiwuwa ne kuma tarko ne da aka ɗana tun ranar da aka taya. Idan ya yi gaggawar biya yana iya yin biyu babu, ba kaya ba kuɗi. Idan kuwa ya yi kunnen uwar shegu alhali mai saye yana kan gaskiyarsa, to ya saɓa wa doka, ya kuma zubar da mutuncin da shi ne babban jarin ƙaramin ɗan kasuwa.

Kasuwar Da Ba Ta Da Dillali

Cinikin da ake ƙullawa ba tare da an ga juna ba ya bunƙasa ne mataki-mataki. A shekarar 2001 aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya. A 2011 aka fito da tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, sa'an nan a watan Janairu na 2012 Babban Bankin Nijeriya ya fara gwajin shirinsa na rage amfani da tsabar kuɗi a Legas. A cikin wannan shekarar ce manyan shagunan intanet na Jumia da Konga suka buɗe. Dandalin talla na Jiji ya biyo baya a 2014, kuma a 2019 ya saye harkokin takwaransa OLX a Nijeriya. Zaman gida na tilas da cutar korona ta jawo a 2020, da ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a farkon 2023 bayan sauya fasalin takardun N200 da N500 da N1,000, sun sa ɗimbin jama'a, har da waɗanda a da ba su yarda da komai ba sai kuɗi a hannu, sun rungumi ciniki ta waya.

A halin yanzu matan aure na sayar da atamfa da leshi da turaren wuta daga cikin ɗakunansu ta WhatsApp da Instagram, ɗalibai na saro takalma daga Aba suna tallata wa abokan karatu, masu kilishi kuma na aika haja Legas da Fatakwal ga mutanen da ba su taɓa sanya wa ido ba. Manyan shaguna suna da lauyoyi da ma'aikatan sauraron koke-koke da rubutattun ƙa'idojin mayar da kaya. Wanda ke sayarwa shi kaɗai ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Fatauci tsakanin mutanen da ba su san juna ba daɗaɗɗen abu ne a ƙasar nan, kuma magabata sun san yadda suke tsare dukiyarsu. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma wallafa littafi a kai a 1969, ya bayyana yadda ake sayar wa mahautan garin shanun Arewa bashi. Ƙashin bayan harkar shi ne maigida da dillalansa. Maigidan ne ke saukar da bafatake, dillalansa ne suka san mahaucin da ya cancanci a amince masa, idan kuma aka gaza biya, maigidan ke ɗaukar nauyi. Dillali yana cin la'adarsa ne domin shi shaida ne: ya ga kaya, ya ji farashi, ya san abin da aka faɗa kafin a sallama. A cinikin intanet an fitar da wannan mutum na uku, an huta da biyan la'ada, amma aikin da yake yi yana nan bai gushe ba. Ya dawo kan mai sayarwa, wanda ya zama wajibi ya tanadi shaidarsa da hannunsa.

Abin Da Doka Ta Tanada

Kafin mai sayarwa ya kira wani ɗan damfara, ya kamata ya san cewa doka ta ba mai saye haƙƙin yin ƙorafi. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar Majalisar Kare Haƙƙin Masu Saye. Sashe na 122 na dokar ya ba mai saye damar mayar da kayan da bai sami zarafin dubawa ba kafin a kawo masa, ya karɓi kuɗinsa, matuƙar ya ƙi su cikin lokacin da ya dace saboda ba su yi daidai da siffa ko samfurin da aka nuna masa ba. Mafi yawan cinikin intanet ya faɗa cikin wannan rukuni. Sashe na 132 ya ba da wata uku domin mayar da kayan da ba su kai ingancin da ya kamata ba, a gyara ko a musanya ko a biya. Sashe na 145 kuwa ya ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya sayar, a duk lokacin da aka yi zargin kaya na da aibi.

Dokar ta shafi duk mai sana'ar sayar da kaya, komai ƙanƙantar jarinsa. Wanda ya sayar da kayan amfaninsa sau ɗaya tak shi ma bai kuɓuta ba, domin tsohuwar Dokar Sayar da Kaya ta 1893 da aka gada daga Ingila, da dokokin jihohi da aka gina a kanta, sun sharɗanta cewa kayan da aka sayar bisa siffantawa tilas ne su dace da siffar da aka bayar. Haka nan littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Risala da Mukhtasar sun ba mai saye zaɓin mayar da haja idan ya gano aibin da ya riga ciniki wanda ba a bayyana masa ba.

Rubutun nan da wasu ke liƙawa a shafukansu cewa ba a mayar da kuɗi bayan biya shi ma ba ya tsare kowa. A 2022 wata Babbar Kotun Jihar Inugu, a ƙarar da wani fasinja ya shigar a kan wani kamfanin sufuri, ta yanke hukuncin cewa irin wannan sharaɗi ya saɓa wa dokar 2018, ta kuma umurci kamfanin ya biya diyyar N500,000.

A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya ƙirƙiri ƙorafin ƙarya domin ya karɓi kuɗi ya aikata babban laifi. Sashe na 419 na kundin dokokin laifuffuka da ake amfani da shi a mafi yawan jihohin Kudu, wanda daga gare shi 'yan damfara suka samo laƙabinsu, da sashe na 320 na tsohon kundin Final Kod na Arewa, duk sun haramta karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Dokar Zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba kuma bai wuce 20 ba, babu zaɓin tara. Akwai kuma Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Watau dai doka ta tsare kowane ɓangare, amma tana tafiya ne da hujja, kuma mai sayarwa ne aka fi bukatar ya zo da ita.

Dabarun Da Aka Fi Amfani Da Su

Mafi sauƙin dabara ita ce a ce kaya bai iso ba. Ana cin nasara da ita ne a kan wanda ya miƙa wa direba ƙunshi a tasha ba tare da ya karɓi takarda ko ya rubuta lambar mota ba. Ta biyu ita ce musanya: mai saye yana da lalatacciyar waya ko na'ura iri ɗaya da wadda aka tallata, sai ya sayi mai lafiyar, ya mayar da matacciyar da sunan ita aka aiko masa. Masu sayar da tufafi kuwa sun san wata 'yar'uwarta, inda za a sayi leshi ko riga ana gobe biki, a sa a yi ado, bayan an watse a ce launin bai yi daidai da hoto ba.

Dabarar da ta fi kowacce hatsari ita ce wadda ta shafi asusun banki. Ɓarawo kan yi amfani da asusun da ya yi wa kutse, ko ya yaudari wani bawan Allah ya biya kuɗi a asusun mai sayarwa. Daga bisani sai ya kawo ƙorafi ko ya ce ya fasa, ya nemi a mayar da kuɗin wani asusu na dabam. Ranar da mai dukiyar na ainihi ya kai kuka bankinsa, sawun kuɗin zai tsaya ne a asusun mai sayarwa. Ana iya dakatar da asusun yayin da ake bincike, a nemi ya biya abin da ya riga ya fitar, alhali ɓarawon ya yi layar zana. Wata hanyar kuma ita ce a aiko da alat na jabu mai nuna an tura fiye da farashi, a roƙi a mayar da rarar. Wasu kan aiko da adireshin wani shafi su ce a latsa domin a warware ƙorafin, ko su nemi a karanto musu lambar sirrin da banki ya turo. Wanda ya yi haka ya miƙa mabuɗin asusunsa da kansa.

Akwai kuma masu neman ragi da ƙarfin tsiya. Su ba sa son mayar da kayan, abin da suke so shi ne a dawo musu da rabin kuɗi, in ba haka ba su yi wa mai sayarwa terere a shafinsa.

Alamomin da ke bayyana a yawancin waɗannan dabaru kusan iri ɗaya ne. Mai ƙorafin yana matsa lamba a biya yanzu-yanzu, yana buɗe magana da barazana, labarinsa yana sauyawa daga saƙo zuwa saƙo, yana ƙin aiko da hoto ko bidiyo, yana goge abin da ya rubuta, ko yana kawo uzuri a duk lokacin da aka ambaci mayar da kaya. To amma a lura, alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Mutumin da ya tara kuɗi wata uku ya sayi abu ya tarar da shi a fashe yana iya yin zafin da ya fi na ɗan damfara. Haka kuma bambancin suna a asusu abu ne da ake gani kullum a ƙasar nan, domin mutane da yawa na biya ta hannun masu POS, ko ta asusun miji ko na ɗan'uwa. Amfanin alamomin shi ne su sa mai sayarwa ya tsananta bincike.

Matakan Da Suka Dace

Mataki na farko shi ne a ba da amsa a ranar da ƙorafin ya zo, a rubuce, cikin ladabi. Shiru yana harzuƙa mai gaskiya, yana kuma ba maƙaryaci abin nunawa. Ya isa a ce an ga saƙon, ba a ji daɗin abin da ya faru ba, kuma za a duba lamarin da zarar an sami wasu bayanai. Bai kamata a amsa laifi a wannan mataki ba, haka kuma bai kamata a jefi kowa da zargi ba. Idan mai saye ya kira aka yi magana da baki, sai a bi bayan kiran da gajeren saƙo mai taƙaita abin da aka faɗa, domin maganar baka iska ke tafiya da ita.

Na biyu shi ne a nemi bayani dalla-dalla: yaushe aka karɓi kayan, a hannun wa, kuma a wane hali ƙunshin yake. A nemi bidiyo guda wanda ba a yayyanke ba, mai nuna kayan da kwalinsa da inda aibin yake, ko kuma a yi kiran bidiyo a ga abin ido da ido, tun da gani ya kori ji. Idan waya ce, a nemi lambarta ta IMEI mai alƙaluma 15, wadda ake gani idan an danna *#06#, ake kuma samu a jikin kwali. Kwamfuta da talabijin da janareta duk suna da lambar da masana'anta ta buga musu. Mai gaskiya ba ya jin nauyin waɗannan tambayoyi, hasali ma yakan aiko da fiye da abin da aka nema. Maƙaryaci kuwa a nan yakan fara kame-kame, domin ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na uku, mai sayarwa ya binciki nasa ɓangaren. Ya buɗe manhajar bankinsa ko ya nemi takardar bayanin asusu, ya tabbatar nawa ne suka shigo, daga wane suna, a wace rana. Saƙon alat ko hoton rasit da wani ya turo ba ya zama hujjar biya. Kowane kuɗi da aka tura ta tsarin nan take yana da lambar shaida mai alƙaluma 30, wadda da ita bankuna ke bin sawunsa. Sa'an nan ya tuntuɓi direba ko kamfanin da ya ɗauki kayan, ya ji wa ya karɓa, ko an sa hannu, ko kuma wani abu ya sami kayan a hanya. Sau da yawa a nan ake gane cewa duka ɓangarorin biyu masu gaskiya ne, ɓarnar ta auku ne a bayan mota.

Na huɗu shi ne a gabatar da mafita a fili: a dawo da kaya, a duba, sa'an nan a gyara ko a musanya ko a biya. Kuɗi ba sa fita kafin kaya su dawo. Adalci ne kuma mai sayarwa ya yi alƙawari a rubuce cewa idan aibin ya tabbata daga wurinsa yake, shi zai ɗauki kuɗin motar dawowa, kamar yadda dokar 2018 ta tanada. Idan nisa ya yi yawa ko kayan na da nauyi, ana iya wakilta amintaccen mutum a garin mai saye, kamar ɗan'uwa ko sanannen mai gyara ko wani daga shugabannin kasuwa, ya je ya gani da idonsa. Wannan shi ne dawo da dillali cikin ciniki. A kuma sanya wa'adi mai ma'ana, misali mako guda, domin kada maganar ta yi ta jan ƙafa. Ranar da kayan suka dawo, a buɗe ƙunshin a nan tashar a gaban shaida ana ɗaukar bidiyo, a gwada lambar da ke jiki da wadda aka ajiye.

Na biyar, idan za a biya, to kuɗin su koma asusun da suka fito. Idan ta hannun mai POS aka biya, a nemi rasit ɗin da ya bayar, a kuma tura kuɗin asusu mai ɗauke da sunan mai sayen kansa. Tun da aka fito da lambar BVN a watan Fabrairu na 2014, samun asusu da sunan mutum ya zama hanyar sanin wanda ake hulɗa da shi, saboda haka wanda ya dage sai an tura wa wani can ya ƙara wa kansa alamar tambaya. Bayan biya a nemi ya rubuto cewa ya karɓa kuma magana ta ƙare.

Idan kuwa akwai zaton cewa kuɗin da suka shigo na sata ne, ko an ce an turo su bisa kuskure, abin da ya dace shi ne kada a taɓa su. A rubuta wa banki, a karɓi lambar ƙorafi, a bar bankunan biyu su mayar da su ta hanyarsu. Wannan takarda ita ce za ta wanke mai sayarwa ranar da masu bincike suka zo.

Kurakuran Da Ke Mayar Da Mai Gaskiya Mai Laifi

Fushi ya kan sa wasu masu sayarwa su sanya hoton mai saye da lambar wayarsa a shafinsu da sunan faɗakar da jama'a. Wannan yana iya juyewa a kansu. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar, dokokin ɓata suna suna nan, ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023. Idan mai saye ne ya fara kai maganar bainar jama'a, gajeriyar amsa mai nuna cewa an nemi a dawo da kaya domin a biya ta fi dogon cacar baki tasiri, domin sauran masu saye suna kallon yadda aka bi da lamarin ne.

Kuskure ne kuma a toshe lambar mai ƙorafi ko a goge hirar da aka yi da shi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da bayanan da aka ciro daga waya ko kwamfuta a gaban kotu, idan an cika sharuɗɗansa. Saƙon barazanar da mai sayarwa ke son ya goge domin ɓacin rai shi ne babbar hujjarsa, tun da karɓar kuɗi ta hanyar tsoratarwa laifi ne mai zaman kansa. Biyan toshiyar baki ma ba ya kashe wutar, domin wanda aka ba yau zai dawo gobe.

Game da barazanar kai ƙara wurin 'yan sanda, yana da kyau a san cewa sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da sashe na 8 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 sun hana a kama mutum a kan saɓanin ciniki kawai. Duk da haka, wanda aka gayyata ya amsa gayyata, ya tafi da takardunsa, da lauya idan hali ya yi. Shi ma mai sayarwa bai halatta ya yi amfani da jami'an tsaro wajen razana abokin cinikinsa ba.

Inda Ake Kai Kuka

Idan an tabbatar zamba ce, a fara da sanar da dandalin da aka haɗu a kai domin a rufe shafin mazambacin. Abin da ya shafi asusu kuwa a fara da banki, idan mako biyu suka wuce ba a warware ba sai a rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki. Rundunar 'yan sanda tana da cibiyar yaƙi da laifuffukan intanet a Abuja da sashen binciken zamba a Ikoyi, ga kuma hukumar EFCC da ta fara aiki a 2003. Idan kuwa saɓanin ciniki ne zalla, akwai kotunan ƙananan da'awa, waɗanda Legas ta buɗe a 2018, Kano ta bi sahu a 2019. A lokacin buɗe su an ƙayyade musu da'awar da ba ta wuce Naira miliyan 5 ba, da nufin a gama shari'a cikin kwana 60, kuma mutum yana iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba.

Ɗan kasuwa kuma mai lissafi ne. Idan kayan na kuɗi kaɗan ne, hujja ba ta fito fili ba, mai sayen kuma tsohon abokin ciniki ne, sau da yawa raba asara ko musanya kayan ya fi arha a kan zirga-zirgar ofisoshi. Irin wannan sassauci yana dacewa ne a inda ake shakka. Inda zamba ta bayyana ƙarara, biya ƙarfafa gwiwar mazambaci ne a kan wanda zai faɗa hannunsa gobe.

Rigakafi

Duk waɗannan matakai sun dogara ne a kan abin da aka tanada kafin kaya su bar hannu. A bayyana duk wani aibi a cikin talla, da hoto, ko da zai rage farashi, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A rubuta sharuɗɗan mayar da kaya, mai saye ya amsa ya yarda. A tambayi sunan da za a biya da shi tun kafin a biya. A ɗauki bidiyon kayan suna aiki, da lambarsu, da yadda aka ɗaure su, har zuwa rubuta suna a kan kwali. A yi amfani da kamfanin aike mai rajista ko tashar da ke ba da takarda, a ajiye lambar mota da ta direba. A ware asusun kasuwanci dabam da na cefanen gida, ta yadda idan an dakatar da ɗaya iyali ba za su kwana da yunwa ba. Kaya masu tsada kuma a yi musayarsu hannu da hannu a wurin da jama'a suke, ko a ajiye kuɗin a hannun amintaccen mutum na uku har sai mai saye ya gamsu.

Al'amarin ya wuce na mutum ɗaya. Duk lokacin da aka cuci mai sayarwa yakan daina aika kaya ga baƙin ido, duk lokacin da aka hana mai saye haƙƙinsa yakan rantse ba zai sake biya ba sai ya ga kaya a hannu. Da haka kasuwar da ta haɗa Kantin Kwari da Balogun da Ariaria a cikin waya guda za ta sake tsukewa zuwa iyakar waɗanda aka sani.

Ma'aikacin nan na Abuja, idan ya ajiye bidiyon wayarsa da lambarta da takardar tasha, ba ya bukatar ya san zuciyar mutumin Anaca. Zai rubuta masa cikin ladabi cewa ya dawo da wayar, idan ita ce kuma ta lalace, kuɗinsa za su koma asusun da suka fito har da kuɗin mota. Mai gaskiya zai kai ta tasha washegari. Wanda ya ɗana tarko kuwa, galibi ba a sake jin ɗuriyarsa.